Fuskar Aro: Ko Ya Dace Mai Bi Ya Kwaikwayi Manya?

Karatu: 1 Sarakuna 22:1-28; Matiyu 27:27-31



A wata ikilisiya da na sani, matasa sukan shirya wasan kwaikwayo kowace shekara a daren Kirsimeti. Wata shekara, bayan an gama nuna makiyaya da masanan taurari, sai wani saurayi ya fito sanye da tsohuwar kwat, ya ɗora tabarau a kan karan hanci, ya saƙale Littafi a hammata. Tun bai buɗe baki ba jama'a suka fashe da dariya, gama kowa ya gane fastonsu ne. Ya yi gyaran murya irin na fasto. Ya ce, "A ƙarshe, 'yan'uwa," ya yi dogon bayani, ya sake cewa, "A ƙarshe," har sau huɗu. Mata suna riƙe ciki, tsofaffi suna share hawaye. Da zai sauka daga mumbari kuwa, sai ya ja ƙafar hagu yadda faston yake janta tun da ya yi hatsari da babur. Aka ƙara dariya, amma wannan karo akwai waɗanda suka sunkuyar da kai.

Kafin shiga sabuwar shekara, bidiyon ya zaga wayoyin gari ta WhatsApp, har waɗanda ba su taɓa taka ƙofar majami'ar ba sun gani. Dattawan ikilisiya suka rabu biyu. Waɗansu suka ce a sa yaron a ƙarƙashin horo, domin ya ci mutuncin bawan Allah. Waɗansu suka ce wasa ne, kuma duk wanda ya taɓa zama har ƙarfe ɗaya na rana yana jiran ƙarshen wa'azi ya san yaron bai yi ƙarya ba.

Wannan gardama ta ƙaramar ikilisiya ita ce gardamar da manyan ƙasashe suke yi. Mai barkwanci ya ari muryar shugaban ƙasa, ya ari tafiyarsa da yadda yake ɗaga hannu, jama'a su yi dariya, fada ta husata. Wani lokaci a rufe shirin, wani lokaci a kai mutum gaban alƙali. Mu kuma masu bi muna cikin masu kallo, muna cikin masu dariya, muna cikin masu tura bidiyon gaba. Saboda haka tambayar tamu ce. Sa'ad da mutum ya ari fuskar wani don a yi dariya, me ya ɗauka, me kuma ya wajaba ya mayar?

Abin ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A fadodin dā akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki sukan yi shigar sarki da ta fadawansa, su kwaikwayi maganarsu da halinsu, sarki kuwa ya ga kansa a jikin wata. Akwai wawan sarki, wanda aka yarje masa ya faɗi abin da waziri ba zai iya faɗa ba. A Damagaram an san wasan kara, inda samari sukan yi shigar mahukunta, su ƙera kayan aikinsu da karan dawa, manya kuma su zo su zauna su kalli masu kwaikwayonsu. Ga kuma wasan da ke tsakanin taubasai da tsakanin ƙabilu, wanda hukumar UNESCO ta sa na ƙasar Nijar cikin jerin al'adun duniya a shekarar 2014. Kakanninmu sun gane cewa babban mutum yana bukatar madubi, kuma madubin da ke ba da dariya ya fi sauƙin dubawa. Amma ku lura, sun yi wa abin shinge. Akwai ranarsa, akwai filinsa, akwai wanda ya cancanci ya yi wa wane. Mafi girma duka, wanda ake kwaikwaya yakan kasance a zaune a wurin. Yau waya ta tsallake shingen nan gaba ɗaya.

Bari mu fara da abin da zai ba waɗansunmu mamaki. A cikin Littafi Mai Tsarki akwai annabin Allah da ya yi kwaikwayo a gaban sarakuna biyu.

Ahab, sarkin Isra'ila, yana so ya ƙwato garin Ramot-gileyad daga hannun Suriyawa. Yehoshafat, sarkin Yahuza, ya kawo masa ziyara, ya kuma yarda zai bi shi yaƙi, amma ya roƙa a fara neman nufin Ubangiji. Ahab ya tara annabawa wajen 400. Dukansu baki ɗaya suka ce ya tafi, nasara tasa ce. Ɗaya daga cikinsu, Zadakiya, har ƙahoni ya ƙera na ƙarfe yana nuna yadda sarki zai tunkuyi abokan gaba. Ku duba wannan hoto da kyau: sarakuna biyu a kan gadajen sarauta a ƙofar Samariya, mutum 400 suna maimaita magana guda. Yehoshafat bai natsu ba. Ya tambaya ko akwai saura. Ahab ya ce akwai mutum ɗaya, Mikaiya ɗan Imla, amma ya tsane shi, don bai taɓa yi masa annabcin alheri ba.

Manzon da aka aika kiransa ya ba shi shawara a hanya, ya ce kowa ya riga ya faɗi alheri, shi ma ya bi sahu. Da Mikaiya ya tsaya gaban sarki aka tambaye shi, sai ya maimaita maganar mutum 400 ɗin nan daidai, ya ce sarki ya tafi, zai ci nasara. Amsar Ahab ce ta nuna mana irin muryar da ya yi amfani da ita. Maimakon ya yi murna, sai ya fusata, ya ce sau nawa zai rantsar da shi kada ya faɗa masa komai sai gaskiya. Wato Ahab ya ji muryar fadawansa tana fitowa daga bakin Mikaiya, nan take kuma ya ji yadda take, fanko. Abin da bai ji ba daga bakin mutum 400, ya ji shi daga bakin mai kwaikwayo ɗaya.

Wannan shi ne amfanin kwaikwayo na gaskiya. Mai mulki yakan zauna a tsakiyar masu cewa "haka ne, ranka ya daɗe" har ya manta da ƙarar muryarsa. Mai kwaikwayo yakan ɗauki abin da kowa ya saba ji har ya daina ji, ya ƙara masa ɗan gishiri, sai kunnuwa su buɗe.

Amma kada mu tsaya a nan, domin Mikaiya bai tsaya a nan ba. Da sarki ya ce a bar wasa, sai ya ajiye muryar aro, ya yi magana da tasa. Ya ce ya ga Isra'ila a warwatse a kan duwatsu kamar tumakin da ba su da makiyayi. Zadakiya ya matso ya shara masa mari. Aka kai shi kurkuku, aka ce a riƙa ba shi abinci da ruwa kaɗan kaɗan. A bayan barkwancinsa akwai gaskiyar da ya shirya ya faɗa da fuskarsa ta ainihi, ya kuma shirya ya sha wuya dominta. Bai fake da cewa wasa yake yi ba. (Abin lura, wanda ya ƙare da fuskar aro a labarin nan Ahab ne. Ya ɓad da kama ya shiga yaƙi don kada a gane shi, kibiyar da aka harba ba da saiti ba ta same shi a mahaɗin sulke.)

Daga nan muna iya cewa abu ɗaya ba tare da shakka ba: fushin mai mulki ba shi ne shaidar cewa mai kwaikwayo ya yi zunubi ba. Ahab ya yi fushi, Mikaiya kuwa yana kan gaskiya.

A ƙasar Masar akwai wani likitan tiyatar zuciya mai suna Bassem Youssef. A shekarar 2011 ya fara ɗora gajerun shirye-shiryen barkwanci a YouTube, daga nan abin ya koma talabijin, miliyoyin mutane suna kallo. Ya riƙa yi wa Shugaba Muhammad Morsi ba'a. A watan Maris na 2013 aka ba da takardar kama shi bisa zargin cin mutuncin shugaban ƙasa da na addini. Ya je ofishin masu gabatar da ƙara da wata ƙatuwar hula, kwaikwayon wadda Morsi ya sa lokacin da aka ba shi digirin girmamawa a Pakistan. Aka yi masa tambayoyi, aka ba da belinsa. Masu adawa da Morsi suka ɗauke shi gwarzo. A watan Yuli na shekarar sojoji suka hamɓarar da Morsi. Da likitan ya juyo da barkwancinsa kan yadda ake kambama sabon mai ƙarfin ƙasar, Janar Sisi, sai da yawa daga cikin masu tafa masa jiya suka ce ya wuce gona da iri. Tashar da ke nuna shirin ta dakatar da shi, ya koma wata, a watan Yuni na 2014 kuma ya sanar da cewa shirin ya ƙare. Daga baya ya bar ƙasar.

Ban kawo labarin nan don in wanke kowace kalmar da mutumin ya faɗa ba. Na kawo shi ne saboda masu kallo. Barkwancin bai sake ba, wanda ake yi wa ne ya sake. 'Yan'uwa, haka muke. In an kwaikwayi ɗan takarar da ba mu so, mu ce yaron nan yana da baiwa. In an kwaikwayi namu, mu tuna da Romawa sura 13. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kafin mu yanke wa mai kwaikwayo hukunci, ya kamata mu tambayi kanmu ko ma'auninmu ɗaya ne a ranar da abin ya yi mana daɗi da ranar da ya yi mana zafi.

To, amma fuskar aro tana da haɗarin da maganar baki ba ta da shi, a nan kuwa nake so mu ɗan daɗe.

In na ce shugaba ya yi kuskure, kowa ya san ni ne na faɗa, ana iya ƙaryata ni. In kuwa na ari muryarsa na sa magana a bakinsa, mai ji yakan tafi gida da ita kamar shi ne ya faɗa. A shekarar 2008, a lokacin yaƙin neman zaɓe a Amurka, an tambayi Sarah Palin, gwamnar jihar Alaska wadda take takarar mataimakiyar shugaban ƙasa, game da Rasha. Ta ce maƙwabta ne, har ana iya hango ƙasar Rasha daga wani tsibiri na Alaska. Wannan gaskiya ne, akwai tsibirai biyu a mashigin ruwan Bering da tazararsu ba ta wuce kusan kilomita 4 ba, ɗaya na Amurka, ɗaya na Rasha. Bayan 'yan kwanaki wata 'yar wasa mai suna Tina Fey, wadda ta yi kama da ita ƙwarai, ta fito a shirin Saturday Night Live da shigarta da muryarta, ta ce daga gidanta tana hango Rasha. Aka yi dariya. Amma shekara da shekaru bayan haka mutane da yawa sun ci gaba da gaskata cewa Palin ce ta faɗi haka da bakinta. Ana iya gardama ko amsarta ta asali ta isa amsa ga mai neman irin wannan muƙami. Wannan dabam. Abin da ya zauna a kan mutane ba abin da ta faɗa ba ne.

Kafin wannan, a 1975, Shugaba Gerald Ford ya zame a kan matakalar jirgin sama a ƙasar Ostiriya. Wani ɗan wasa a wannan shiri, Chevy Chase, ya mai da faɗuwa ta zama alamar Ford, mako bayan mako yana tuntuɓe yana kifewa. Alhali kuwa Ford gwanin ƙwallo ne tun yana jami'ar Michigan, yana cikin shugabannin Amurka mafi ƙarfin jiki. Zamewa ɗaya ta zama sunan mutum.

Doka ta tara cikin Dokoki Goma ta hana shaidar zur a kan maƙwabci. Mukan ɗauka wannan maganar kotu ce kawai. Amma jama'a ma kotu ce, kuma hukuncinta ba shi da ɗaukaka ƙara. Littafin Karin Magana, sura 26, ya kwatanta mutumin da ya ruɗi maƙwabcinsa sa'an nan ya ce ai wasa yake yi da mahaukacin da ke jifa da bakin wuta da kibau. Mahaukacin ba ya nufin kowa da sharri, amma rufin da wutar ta faɗa wa ba ya tambayar nufinsa. Magana zarar bunu ce. Yanzu kuma da na'ura take iya ƙirƙiro muryar mutum da fuskarsa har uwar da ta haife shi ta kasa bambancewa, nauyin ya ƙaru a kan mai turawa. Ɗan'uwa, kafin yatsanka ya danna, ka tabbata wanda zai karɓa zai gane wasa ne?

Akwai haɗari na biyu, shi ne wanda ya sa mutane suka sunkuyar da kai a daren Kirsimetin nan. Zan ba da shaida a kan kaina. Sa'ad da nake makaranta muna da wani malami mai i'ina. Ni ne gwanin kwaikwayonsa. In ya fita aji sai in tashi in tsaya gaban allo, in riƙa sarƙewa a kan kalma ɗaya, yara suna bubbuga tebur. Wata rana na juya na gan shi a bakin taga. Bai dake ni ba, bai kai ƙarata ba. Ya shigo ya ci gaba da darasi, amma ranar ya rubuta kusan komai a allo maimakon ya faɗa da baki. Yau shekaru da yawa ke nan, ban manta da ƙarar allin nan ba. Malamin yana da halayen da za a iya yi musu dariya, yana da saurin fushi, yana da son a yabe shi. Ban taɓa waɗannan ba. Na kama abin da bai zaɓa ba, abin da kuma ba zai iya tuba daga gare shi ba.

Ina ganin nan ne iyakar take. Dogon wa'azi hali ne, fasto zai iya gyarawa. Alkawarin da ɗan siyasa ya yi sau biyar bai cika ba aiki ne, zai iya jin kunya ya cika. Amma ƙafar da ta karye, da harshen da ke sarƙewa, da launin fata, da karin harshen ƙabilar da aka haife shi a ciki, da tsufa, waɗannan ba laifi ba ne. Wanda ya yi musu dariya ba gyara yake nema ba. Littafin Firistoci sura 19 ya hana zagin kurma da sa wa makaho abin tuntuɓe, ya kuma ɗaura hanin a kan tsoron Allah, domin kurman ba zai ji ba, makahon ba zai ga wanda ya yi ba, sai Allah. Samarin Betel da suka bi Annabi Elisha da ihu ba koyarwarsa suka ƙalubalanta ba, sanƙonsa suka kama. Yakubu kuma a sura 3 ya yi mamakin harshen da ke yabon Allah sa'an nan ya juya ya la'anci mutumin da aka yi cikin kamannin Allah. Shugaban ƙasa ma, ko da azzalumi ne, fuskar da yake ɗauke da ita ba shi ya yi ta ba. Mai kwaikwayo yana wasa ne da aikin hannun Wani.

Wani zai ce, to ai Littafi ya umarce mu mu girmama masu mulki, ba sai mu rufe maganar a nan ba? Da ma da sauƙi haka. Manzo Bulus yana gaban majalisa, babban firist Hananiya ya sa a buge masa baki. Bulus ya mayar da zafi, ya kamanta shi da bangon da aka shafe da farar ƙasa. Da aka ce masa babban firist ne, sai ya janye, ya tuna da dokar da ke cikin Fitowa sura 22 wadda ta hana zagin shugaban jama'a. Ga girmamawa. Amma Ubangijinmu da kansa, da aka ce masa Hirudus yana neman ransa, ya kira shi dila a gaban mutane. Iliya ya yi wa annabawan Ba'al ba'a a kan Dutsen Karmel, ya ce su ɗaga murya ko allahnsu barci yake yi. Ba zan yi kamar waɗannan wurare sun kwanta lumui a kan juna ba. Abin da nake gani shi ne, girmama kujera ba ya nufin yin shiru a kan abin da mai kujera yake yi, faɗar gaskiya kuma ba ta ba mu izinin raina mutum ba. Tsakanin biyun nan hanya ce siririya, mai bi kuwa a kanta aka kira shi ya yi tafiya.

Annabi Natan ya nuna wata dabara. Bai je ya kwaikwayi tafiyar Dawuda ba. Ya ba shi labarin wani mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci. Dawuda ya husata ya yanke hukunci, sa'an nan aka nuna masa cewa kansa ya yanke wa. Masu sauraron rediyon RFI sun san Mamane, ɗan Nijar ɗin nan da ya ƙago wata ƙasa mai suna Gondwana da shugabanta wanda ba ya sauka daga mulki. Bai kira sunan kowa ba, bai ari gurguntar kowa ba, amma mai sauraro a Yamai da na Yawunde da na Njamena kowa yakan ce ai da mu ake. Hali aka kama, aka bar wa mai halin ƙofar da zai fita ta ciki in yana so. Dawuda ya bi ta wannan ƙofa, Zabura 51 ita ce shaida.

Sai kuma maganar wanda ke biyan bashin. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ba kullum ba. 'Yan'uwanmu na Nijar ba su manta da ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 ba. Bayan kisan da aka yi a ofishin jaridar Charlie Hebdo a birnin Paris, jaridar ta sake buga zanen da Musulmi suka ɗauka cin mutuncin addininsu ne. Tarzoma ta tashi a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu, 'yan sanda kuma suka ƙidaya majami'u 45 da aka cinna wa wuta a Yamai kaɗai. Babu zane, babu ba'a, da ta halatta kisa ko ƙone ɗakin sujada, alhakin wutar yana kan wanda ya ƙyasta ashana. Akwai kuma maƙwabta Musulmi da suka ɓoye Kirista a gidajensu a kwanakin nan, kada mu manta da su. Amma mu da muka ga toka da idonmu mun koyi abin da mai zane a nesa bai koya ba: ba'a tana da ƙafa, takan je inda mai ita bai aike ta ba. Zane ne wancan, ba kwaikwayo ba, amma uwarsu ɗaya. Mai bi da ke zaune cikin jama'a masu addini dabam dabam ba zai ce 'yancinsa ne kawai ya wuce ba. Ƙauna takan tambaya a kan wa abin zai sauka.

Kada kuma mu ɗauka kowace dariya a kan manya tana razana su. Waɗanda suka kalli tashar Canal+ za su tuna da 'yan tsanan roba na shirin Les Guignols de l'info, wanda aka yi daga 1988 zuwa 2018. A lokacin zaɓen Faransa na 1995 sun nuna Jacques Chirac a matsayin mutum mai ban tausayi da ban dariya wanda abokansa suka ci amanarsa, har aka daɗe ana gardama ko 'yar tsanar ta taimaka masa ya ci zaɓe. Dariya tana iya zama maganin barci. Mu yi wa ɓarawon gwamnati dariya da dare, zuciya ta yi sanyi, da safe mu ci gaba kamar an yi wani abu. Manzo Bulus ya gaya wa Timoti a riƙa yin addu'a domin sarakuna da dukan masu iko. Ni dai na gwada a kaina, na ga akwai irin dariyar da in na gama ta nakan iya durƙusawa in yi wa mutumin addu'a, akwai kuma irin wadda in na gama ta sunansa ma ba ya shiga bakina a gaban Allah. Ta biyun ta ɓata wani abu a cikina, ko da shi bai taɓa ji ba.

Yanzu mu je karatunmu na biyu. A fadar Bilatus sojoji suka tara dukan ƙungiyarsu. Suka tuɓe wa Yesu tufafinsa, suka yafa masa jan alkyabba. Suka tuƙa rawanin ƙaya suka sa masa a ka, suka ba shi kara a hannun dama a madadin sandar sarauta. Sa'an nan suka shiga kwaikwayon fadawa, suna durƙusawa suna kai gaisuwa. Wasan kwaikwayo ne cikakke, da kayan wasa, da 'yan wasa, da 'yan kallo. Na tabbata an yi dariya sosai a ranar. Wanda ake yi wa kuwa sananne ne, mutumin da dukan Urushalima take maganarsa a makon nan. Suka tofa masa yau, suka karɓi karan suka buga masa a ka. Ku lura da yadda abin ya gangara daga shiga zuwa gaisuwa, daga gaisuwa zuwa yau, daga yau zuwa duka. Da zarar an mai da mutum abin wasa, hannu ba ya jin nauyin dukansa.

Mikaiya mutum ɗaya ne a gaban sarakuna biyu da annabawa 400, yana kwaikwayo da ransa a hannu. Sojojin nan runduna ce a kan mutum ɗaya ɗaurarre. Dukansu kwaikwayo ne, amma wane ne zai ce abu ɗaya ne? Mu da muke bin Wanda aka yafa wa jan alkyabba, ya kamata jikinmu ya riƙa ba mu labari duk lokacin da taro ya kewaye mutum ɗaya yana dariya, ko mutumin nan minista ne da ya faɗi jiya, ko fasto, ko mahaukacin kasuwa. Babba ma yakan zama ɗaurarre wata rana. Abin da sojojin suka yi da ba'a kuwa gaskiya ne ba su sani ba, Sarki ne suka durƙusa wa. Kafin rana ta faɗi, jarumin da ke tsaron gicciye da waɗanda ke tare da shi suka shaida da bakinsu, ba da wasa ba, cewa Ɗan Allah ne.

Ga waɗanda Allah ya ɗora a gaba, fastoci da dattawa da masu riƙe da muƙami, akwai darasi ta ɗaya gefen. Dana Carvey ya shafe shekaru yana kwaikwayon Shugaba George Bush na farko. A watan Disamba na 1992, bayan Bush ya faɗi zaɓe, sai ya gayyaci mai kwaikwayon nasa zuwa fadar White House, ya sa shi ya yi a gaban ma'aikatansa da ke cikin baƙin ciki, suka kuma zama abokai har ƙarshen ransa. Ahab ya aika da nasa kurkuku.

Faston da na fara ba ku labarinsa bai bar dattawa su zauna a kan maganar ba. Ya aika aka kira saurayin zuwa gidansa. Yaron ya zo jiki na rawa. Fasto ya sa aka kawo masa kunu, ya ce, "Ɗana, ranar nan ina zaune a gefe, ban gani da kyau ba. Tashi ka sake yi mini." Ya cire tabaransa ya miƙa masa. Da ƙyar yaron ya fara. Ya yi gyaran murya, fasto ya yi dariya. Ya yi "a ƙarshe" na farko da na biyu da na uku, matar fasto tana leƙowa daga madafa tana cewa wallahi haka yake. Da ya zo wurin sauka daga mumbari sai ya tsaya cik. Fasto ya ce, "Ci gaba mana, saura tafiyar." Yaron ya dubi ƙafar da ke miƙe a kan tabarma, da tabon ɗinki tun daga gwiwa har idon sawu. Ya ce, "Baba, ba zan iya ba." Ya zauna ya rufe fuska.

Ba a sa shi a horo ba. Shi da kansa ya bi waɗanda ya san sun ɗora bidiyon yana roƙonsu su cire, ko da yake wanda ya riga ya yi nisa ya yi nisa. Ranar Lahadi ta gaba fasto ya hau mumbari yana jan ƙafarsa kamar kullum. Ya yi wa'azi a kan Natan da Dawuda. Da ƙarfe goma sha ɗaya da rabi ya dubi layin matasa ta saman tabarau, ya ce, "A ƙarshe, 'yan'uwa," ya faɗi jimla biyu, ya rufe Littafi ya zauna.